Kama da Wane Ba Ta Wane: Sharhi Bisa Tono da Fassarar Duwatsun Stonehenge

0. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar takarda za mu yi sharhi ne bisa wata fassara da ta yi rinjaye cikin ilimin tonon kufai tun daga shekarar 1998, watau fassarar da Mike Parker Pearson, masani ɗan ƙasar Ingila, da Ramilisonina, masani ɗan ƙasar Madagaska, suka yi wa da'irar duwatsun nan ta Stonehenge. A taƙaice, ra'ayinsu shi ne mutanen da suka kafa waɗannan duwatsu sun ɗauki dutse a matsayin kayan ginin matattu, itace kuwa kayan ginin masu rai. Parker Pearson ya faɗaɗa wannan ra'ayi cikin littafin da ya wallafa a 2012, bayan tonon da ya jagoranta a yankin daga 2003 zuwa 2009.

Dalilai biyu suka sa muka ga ya dace a kawo zancen cikin waɗannan takardu. Na farko, mabuɗin fassarar daga Afirka ya fito. Mun saba ganin masanan Turai suna zuwa da ma'auninsu su auna kufanmu. A nan kuwa ɗan Afirka ne ya je da nasa ya auna kufan Turai. Na biyu, matsalar da ke cikin aikin ita ce wadda ke gaban duk mai tono a Abzin ko Azawak: ta wace hanya za a gane nufin mutanen da ba su bar rubutu ba? Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne kwatance yana da amfani muddin yana gaya wa mai tono inda zai sa diga, amma yakan zama cikas idan ya koma labarin da ake tilasta wa kowane sabon abu ya shiga cikinsa.

1. Wurin da abin da ke cikinsa

Stonehenge yana cikin wani fili mai ƙasar alli a lardin Wiltshire, kudancin Ingila. Ba a lokaci guda aka gina shi ba. Wajen shekara ta 3000 kafin miladiyya (daga nan za mu riƙa rubuta k.m.) aka haƙa wani gwalalo mai siffar da'ira, faɗinta kusan metir 110, aka tara ƙasar ta zama ganuwa. Da ƙahonnin wata irin barewa aka yi haƙar, kuma waɗannan ƙahonni da aka bari a gindin gwalalon su ne awon karbon 14 ya dogara da su wajen fitar da shekarun. Daga cikin ganuwar akwai ramummuka 56 a jere, waɗanda ake kira ramummukan Aubrey, da sunan John Aubrey wanda ya lura da alamar wasu ramuka a wurin a 1666.

Sai wajen 2500 k.m. aka kawo manyan duwatsun da ake kira sarsen, waɗanda matsakaicin nauyin kowanensu ya kai tan 25. An tsara da'ira ta ginshiƙai 30, aka gicciya musu wasu duwatsu a kai kamar azara. A tsakiya kuma aka kafa ƙofofi biyar masu duwatsu uku-uku, cikin siffar kofaton doki. Akwai kuma ƙananan duwatsu masu nauyin tan 2 zuwa 5, waɗanda ake kira shuɗɗan duwatsu; tun 1923 masanin duwatsu H. H. Thomas ya nuna cewa daga tsaunukan Preseli na ƙasar Wels suka fito, tafiyar fiye da kilometir 200. Ginin duka yana fuskantar fitowar rana a yinin da ya fi kowane tsawo a shekara, wajen 21 ga Yuni, ta ɗaya gefen kuma faɗuwarta a yinin da ya fi gajarta, wajen 21 ga Disamba.

Iyakar abin da kusan kowa ya yarda da shi ke nan. Daga nan sai fassara.

2. Fassarorin da suka gabata

Idan muka bi tarihin fassarorin, za mu tarar kowane zamani ya ga fuskarsa ne a cikin duwatsun. Wajen 1136 Geoffrey na Monmouth ya rubuta cewa wasu ƙattai ne suka ɗauko su daga ƙarshen Afirka zuwa Ailan, daga baya boka Merlin ya kawo su Ingila. Maginin sarki Inigo Jones, cikin littafin da aka fitar da sunansa a 1655, ya ce aikin Rumawa ne. William Stukeley a 1740 ya jingina shi ga bokayen da ake kira Druid. A 1965 kuma, lokacin da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke tashe, Gerald Hawkins ya ce wurin wata na'ura ce ta lissafin husufin rana da na wata.

Misalin da ya fi kusa da zancenmu shi ne na Richard Atkinson. A 1953 ya hangi zanen wuƙa a jikin ɗaya daga cikin manyan duwatsun, ya ga ta yi kama da wuƙaƙen birnin Misena na ƙasar Girka, sai ya karkata ga cewa maginin daga can ya zo. Kama ce kaɗai hujjarsa. Da aka gyara ma'aunin karbon 14, Colin Renfrew ya nuna a 1968 cewa lissafin bai tsaya ba. Yau an san duwatsun sun girmi tashen Misena da kusan shekara dubu, zanen wuƙar kuwa daga baya aka yi shi. Abin lura a nan shi ne tunanin da ke ƙarƙashin kuskuren: an ɗauka mutanen wurin ba za su iya wannan aiki da kansu ba, dole sai wani wayayye ya zo daga nesa. Masu nazarin tarihin Afirka sun san irin wannan tunani, domin shi ne aka daɗe ana yi game da ganuwar Zimbabwe.

Wajibi ne kuma mu faɗi yadda aka yi tonon da waɗannan fassarori suka hau kansa. William Hawley ya tone kusan rabin wurin daga 1919 zuwa 1926. Ya tarar da ƙonannun ƙasusuwan mutane a wurare sama da hamsin. Da yake a lokacin ba a ga amfaninsu ba, kuma babu gidan adana kayan tarihi da ya karɓe su, sai a 1935 aka zuba su gaba ɗaya cikin buhuna huɗu aka binne a rami na bakwai na Aubrey. Ta haka aka gauraya mutanen da aka binne daban-daban. Atkinson da Stuart Piggott su ma sun yi tono daga 1950 zuwa 1964, amma cikakken rahotonsa bai fito ba sai 1995, lokacin da Rosamund Cleal da abokan aikinta suka tattara abin da ya saura na takardu da hotuna. Tono ba ya maimaituwa: ƙasar da aka ɗebe ba ta komawa yadda take. Saboda haka duk wanda ya zo bayansu, da gadon giɓi yake aiki.

3. Dutse da itace: abin da fassarar ta haifar

Parker Pearson ya yi shekaru yana bincike tare da Ramilisonina a kudancin Madagaska, inda ake gina wa matattu manyan kaburbura na dutse, masu rai kuwa suna zaune cikin ƴan ɗakunan itace. A wurare da dama na tsibirin ana kafa tsayayyen dutse don tunawa da kakanni. Da Ramilisonina ya ziyarci Stonehenge a 1998, sai ya ce a ganinsa abin a fili yake: wannan wurin kakanni ne, domin dutse ba ya ruɓewa, itace kuwa yana ruɓewa kamar jikin mutum. A wannan shekara suka buga maƙalarsu a mujallar Antiquity.

Ƙarfin maƙalar, a ganinmu, yana cikin abin da ta yi alkawari. Tun da daɗewa an san cewa kilometir 3 arewa maso gabas da Stonehenge akwai wata ƙatuwar ganuwa, Durrington Walls, mai faɗin kusan metir 500, inda Geoffrey Wainwright ya gano gurabun da'irorin gumagumai a 1966 da 1967, lokacin da ake gyaran hanyar mota. Kusa da ita kuma akwai Woodhenge, wata da'irar itace da Maud Cunnington ta tone a ƙarshen shekarun 1920. An kuma san cewa wata tsohuwar hanya mai tsawon kusan kilometir 3 ta haɗa Stonehenge da kogin Avon. Sai marubutan suka ce: idan gaskiya ne wuraren biyu abu ɗaya ne, unguwar masu rai da ta matattu, kogin kuwa shi ne hanyar da ke tsakaninsu, to lalle a sami wata hanya da ta haɗa Durrington Walls da kogin. Wannan magana ce da diga za ta iya gaskatawa ko ta ƙaryata.

A 2005 aka tarar da hanyar, faɗinta kusan metir 30, an daɓe ta da tsakuwa, ta taso daga da'irar itace ta gangara bakin kogi. Aka kuma tarar da daɓen ɗakuna, kowane kusan metir 5 bisa 5, da murhu a tsakiya da gurabun gadaje a gefe. Juji ya cika da ƙasusuwan aladu da shanu da fasassun tukwane; haƙoran aladun sun nuna da yawansu an yanka su suna da wata tara, watau a tsakiyar hunturu. Shekarun ƙauyen sun faɗa wajen 2500 k.m., daidai da kafa manyan duwatsu. A 2008 aka sake buɗe rami na bakwai aka fito da ƙasusuwan da aka binne a 1935. Nazari ya nuna akwai maza da mata da ƴan yara kaɗan. A 2009 kuma, a inda hanyar Stonehenge ta taɓa kogi, aka gano gurabun wata ƙaramar da'irar duwatsu da ba wanda ya san da ita.

Ba mu da ja a kan wannan. Kafin 1998 sau da yawa ana nazarin Stonehenge shi kaɗai, kamar wanda ya tsinci ƙofa bai nemi gidan ba. Kwatancen Madagaska ne ya sa aka nemi gidan.

4. Inda fassarar ta yi rauni

4.1. Sharaɗin kwatance

Tun a 1998 John Barrett da Kathryn Fewster suka soki maƙalar, suna masu cewa ba a ɗaukar ma'anar da wata al'umma ta ba wani abu a ɗora wa wata al'umma da shekara dubu huɗu da rabi da teku suka raba su. Marubutan sun amsa da cewa ba dangantaka suke nufi ba, halin kayan ne: ko'ina dutse yana daɗewa, itace yana ruɓewa. To, amma malaman ƙiyasi sun daɗe da gindaya sharaɗi: ba a ɗaukar hukuncin asali a ba reshe sai an tabbatar illarsu ɗaya ce. Taurin dutse sifa ce. Abin da mutane suka fahimta daga taurin kuwa al'ada ce, kuma ita ce ba mu gani a cikin rami.

Mu ɗauka baƙon da ya je Stonehenge a 1998 daga ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi ya fito. Mai yiwuwa dutsen Tunguma na kusa da Lugu zai faɗo masa a rai, wanda azna ke zuwa wurinsa neman hukunci idan an yi sata ko gardama ta ƙi ƙarewa. Sai ya ce wurin shari'ar masu rai ne. Idan kuma Bakano ne, ya tuna Dutsen Dala da Barbushe, ya ce mazaunin iskoki ne. Daɗin daɗawa, a ƙasar Hausa da itace ake rufe ƙaramin ramin kushewa kafin a mayar da ƙasa, masu rai kuwa da laka suke gini. Da wannan ma'auni, itace ne zai zama rabon matattu. Ba muna cewa ɗaya daga cikin waɗannan ya fi na Madagaska ba ne. Abin da muke nufi shi ne duniya cike take da misalai, kuma wanda mai bincike ya ci karo da shi ya danganta da inda aikinsa ya kai shi.

Ƙasar kanta ba ta raba kayan biyu tsaf ba. Hawley ya tarar da gurabun gumagumai masu yawa a tsakiyar Stonehenge da bakin ƙofarsa. A tsakiyar Woodhenge, da'irar da ake cewa ta masu rai ce, Cunnington ta tarar da kabarin yaro. Ƙasusuwansa sun salwanta lokacin da aka yi wa London ruwan bama-bamai a yaƙin duniya na biyu. Tonon 2006 kuma ya nuna an taɓa kafa duwatsu a wannan wuri. Ana iya cewa wurin masu rai ne ya tsufa ya koma na kakanni. Amsa ce mai daɗi, sai dai fassarar da ke da amsa ga dutse a wurin itace da itace a wurin dutse ta soma zama wadda babu abin da zai iya ƙaryata ta.

4.2. Matsalar lokaci

Taswirar da ke nuna unguwa biyu da hanya biyu da kogi tana sa mai karatu ya ɗauka duka a rana ɗaya suke aiki. Shekarun ba su nuna haka ba. Mafi yawan ƙonannun gawawwakin an binne su ne tsakanin 3000 da 2500 k.m., kafin a kafa ƙauyen Durrington. Ƙauyen bai wuce ƴan shekaru gommai ba, sannan aka gina ganuwa bisa kufansa. Gwalalon hanyar Stonehenge kuwa sai wajen 2300 k.m. aka haƙa shi. Gaskiya ne tonon 2008 ya nuna cewa a ƙarƙashin hanyar akwai wasu kunyoyi na halitta da suka dace da faɗuwar ranar hunturu, kuma ba mamaki an daɗe ana bin su kafin a yi musu gwalalo. Amma sawun ƙafa bai bar shekara ba. Shekara ɗari bakwai ba ƙaramin lokaci ba ne. Ya kai tazarar da ke tsakaninmu da zamanin Kankan Musa na Mali. Da wuya a ce wuri ya riƙe ma'ana ɗaya tsawon haka.

Sannan yawan waɗanda aka binne, bisa kintacen masu binciken, bai wuce mutum 150 zuwa 240 ba cikin ƙarni biyar. Watau ba maƙabartar jama'a ba ce. Su wane ne waɗannan zaɓaɓɓu? Awon sinadarin strontium da aka buga a 2018 ya nuna cewa daga cikin mutum 25, aƙalla 10 ba a yankin suka yi ƙarshen rayuwarsu ba, kuma yammacin Biritaniya, har da Wels, ya dace da su. Wannan sakamako ne mai daraja, amma hanyar da aka bi ba ta iya nuna gari ko dangi.

4.3. Darasin Waun Mawn

A nan ne muke ganin labari ya riga hujja. A watan Fabrairu na 2021 Parker Pearson da abokan aikinsa suka sanar cewa sun gano, a wani tudu mai suna Waun Mawn cikin tsaunukan Preseli, gurbin wata da'ira mai faɗin metir 110, daidai da gwalalon Stonehenge. Suka kawo hasashen cewa an tumɓuke duwatsunta ne aka kai su Stonehenge, watau masu ƙaura sun tafi da kakanninsu. An nuna shi a talabijin, jaridu suka ɗauka, har ana tuno da tatsuniyar Merlin. Duwatsu huɗu kawai suka rage a wurin, da wasu ƴan gurabu. Tonon da aka ƙara yi a wannan shekara bai samo gurabun da ake tsammani ba, masu aikin da kansu suka koma cewa ba a kammala da'irar ba. A 2022 Richard Bevins da abokansa suka nuna cewa duwatsun Waun Mawn daga wani tsauni na kusa suka fito, ba su dace da dutsen Stonehenge da aka ce daga can aka ciro shi ba. Timothy Darvill ma ya yi shakkar ko an taɓa yin da'irar.

Abin yabo ne da suka buga sakamakon da ya saɓa musu. Amma mu kwatanta da 1998: a can an faɗi abin da za a samu, sannan aka tona, a nan kuwa an yi shela tono bai ƙare ba, hujja mafi jan hankali kuma ita ce kamar faɗi da faɗi. Wuƙar Atkinson ce ta dawo da wata riga.

4.4. Zancen haɗin kai

Littafin 2012 ya rufe da ra'ayin cewa Stonehenge alama ce ta haɗin kan al'ummomin tsibirin. A watan Agusta na 2024 mujallar Nature ta buga binciken da ya nuna cewa shimfiɗaɗɗen dutsen tsakiya, mai nauyin tan 6, daga arewa maso gabashin Sikotilan ya fito, tafiyar fiye da kilometir 700. Nan da nan aka karanta shi a matsayin ƙarin hujja. Mu dai abin da muka gani shi ne nisa yana nuna hulɗa, bai nuna irinta ba. Gishirin Bilma yana isa Kano tun da daɗewa, amma wannan bai mai da Kawar da Kano ƙasa ɗaya ba. Kyauta, da ganima, da gaisuwar talaka ga mai ƙarfi, duka suna iya ɗauko dutse daga nesa.

5. Kammalawa

Hukuncinmu bisa aikin kashi biyu ne. Ta fuskar tono, shi ne mafi albarka da aka yi a yankin: ya fito da ƙauye, da hanya, da matattun da aka yi watsi da su shekara saba'in da uku. Ta fuskar fassara, mun yarda cewa Stonehenge maƙabarta ce a ƙarnoninsa na farko, kuma yana da alaƙa da Durrington Walls wajen 2500 k.m. Cewa dutse na matattu ne itace na masu rai, wannan hasashe ne da ya yi aikinsa, bai kai matsayin tabbas ba.

Akwai wani ƙaramin labari da ya dace mu rufe da shi. A 1958, lokacin da ake gyaran wani dutse da ya tsage, an huda shi aka ciro ɓargonsa. Wani ma'aikaci ya ajiye guntu ɗaya, ya tafi da shi Amurka, ya maido shi a 2018. Da wannan guntu ne David Nash da abokansa suka nuna a 2020 cewa 50 daga cikin manyan duwatsu 52 da suka rage sinadarinsu ɗaya ne, kuma ya dace da na dajin West Woods, kilometir 25 arewa da wurin. Abin da aka adana ya amsa tambayar da ba a iya yi ba lokacin da aka ciro shi. Abin da aka gauraya cikin buhu kuwa rabin amsa ya bayar.

Ƙasarmu tana da kaburburan dutse masu ɗimbin yawa a arewa, waɗanda François Paris ya yi nazarin wasunsu cikin aikin da ya wallafa a 1996, daga zamanin kayan aikin dutse har zuwan Musulunci. Ɗalibanmu da za su ci gaba da wannan aiki za su ji bayanai daga bakin mazauna wuraren, kuma ya kamata su saurara da kyau, kamar yadda aka saurari Ramilisonina. Shawararmu gare su uku ce: su mai da kowane bayani tambayar da tono zai iya amsawa da i ko a'a, su bar wani sashe na wurin ba a taɓa ba saboda masu zuwa, su kuma rubuta rahoton abin da suka tona, da abin da suka nema ba su samu ba, kafin su faɗi abin da suke zato.